Talata takwas a layin tamowa: abin da na gani a ƙaramin asibitin garinmu

Ni tela ne, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma tun da aka sallami 'yata daga sashen tamowa na ƙaramin asibitin garinmu, nan wajen birnin Kano, magidanta uku suka same ni a shago, kowanne da ranarsa, kuma kowanne sai da ya jira shagon ya yi shiru ya rage murya kafin ya tambaya. Wai da gaske kyauta ne? Wai ba sa wulaƙanta mutum? Wai abincin nan na leda da ake ba yaran yana aiki kuwa? Shi ya sa na ga gara in faɗa a fili, mai kyau da maras kyau, yadda na gani da idona.

Yarinyar tana da wata goma sha biyu aka gane mahaifiyarta na da shigar ciki. A gidanmu, kamar gidaje da yawa, magana ɗaya ce: nonon mai ciki yana lalata na goye. Rana ɗaya aka yaye ta, aka ɗauke ta aka kai wa Inna. Babu wanda ya yi haka da mugunta, Inna abin da aka yi mata da nata 'ya'yan ta yi. Koko da safe, ɗan tuwo da romon miyar kuka da rana, koko kuma da dare. Kafin wata huɗu yarinyar da ta fara tsayuwa ta koma zama. Zawo ya tafi ya dawo, gashinta ya yi ja ya yi laushi, kukanta ma ya daina fita da ƙarfi. Aka ce haƙori ne. Aka ce shan ciki ne. Na yi ta zarya kemis ina sayo ruwan magani kala-kala, kuɗin da da ƙwai da wake na saya da su da ba mu kai inda muka kai ba.

Wata mata daga cikin masu zagayawa gida-gida lokacin rigakafi ce ta tsaya ta dube ta. Ta ciro wani ɗan tef mai launi uku, ja da ruwan ɗorawa da kore, ta naɗa a damtsen hannunta na hagu, ta ja. Ya tsaya a kan ja, santimita 11. Ta ce a kira mata maigidan, ba ta yarda ta bar saƙo ba. Da na zo ta ce, "Malam, duk yaron da ya gaza 11.5 yana cikin haɗari. Ranar Talata ake ganinsu. Kada ka bari ta wuce." Mai ɗakina a lokacin cikinta ya yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya doguwar tsayuwa. Inna kuma ciwon gwiwa. Haka na rufe shago na saɓa 'yata a kafaɗa.

Na isa wajen ƙarfe bakwai da rabi ina ganin na yi sammako, sai na tarar da mata sun fi sittin, wasu tun bayan asuba suke nan, wasu daga ƙauyukan da sai an yi tafiyar awa biyu a ƙasa. Watan Agusta ne, tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma yana kan ganiyarsa. Ma'aikatan sun ce duk shekara a wannan lokacin layin ya fi tsawo. Namiji ni kaɗai ne, in ban da mai gadi da wani matashi mai rubuta kati. A Talata takwas ɗin da na yi, sau ɗaya na ga wani uba, shi ma a bakin ƙofa ya tsaya kan babur ɗinsa har matarsa ta fito.

Aikin da kansa, wallahi ba ni da abin cewa sai alheri. Tun muna layi aka zagayo da ruwan sukari a kofi aka ba yaran, saboda yaro mai tamowa yana iya galabaita kafin a zo kansa. Aka sake auna damtse, aka ɗora ta a sikeli, aka kwantar da ita a kan allon awon tsawo. Malamar ta danna bayan ƙafafunta biyu da babban yatsa ta ƙirga uku, ta ɗaga tana duba ko wurin zai loma, domin kumburin ƙafa shi ma tamowa ne, kuma mai tsanani, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Aka yi gwajin zazzaɓi, aka duba katin rigakafi ko ta samu allurar ƙyanda. Sannan abin da suke kira gwajin ci. Aka sa na wanke hannuna da nata, aka yaga gefen leda ɗaya, aka ce in zauna a gefe in ba ta a hankali. Ta kawar da kai sau biyu. Na lakato a yatsa na shafa mata a leɓe. Ta lasa, ta tsaya kamar mai tunani, sai ta kamo yatsan nawa da hannu biyu. Rabon da in ga ta nemi abinci da kanta har na manta. Malamar ta ce da ta ƙi ci, ko da zazzaɓi mai zafi ko kumburi sosai, da babban asibiti za a tura mu a kwantar da ita, a fara da wata madara ta musamman ta hanyar kofi ko bututun hanci. Tunda ta ci, gida za mu koma. Aka ba mu maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana bakwai, daga baya aka ba ta na tsutsar ciki, aka ƙirgo ledoji gwargwadon nauyinta na sati guda. Ko kwabo ba a karɓa a hannuna ba, daga farko har ƙarshe.

Abin da ke cikin ledar ba wani baƙon abu ba ne: niƙaƙƙiyar gyaɗa, madarar gari, sukari, mai, da sinadaran gina jiki da aka ƙara. Giram 92 ce kowace leda, da ƙarfin abinci na kalori 500. Ba a dafawa, ba a dama shi da ruwa, shi ya sa ba ya saurin lalacewa ko a gidan da babu wuta babu firij. Yana sa ƙishirwa sosai, don haka a riƙa bin sa da tsaftataccen ruwa. Ƙanena da ke makarantar koyon aikin lafiya ne ya ba ni tarihinsa: wani likita ɗan Faransa, André Briend, da wani kamfani na can ne suka fito da na farko a 1996, wanda aka sani da Plumpy'Nut. Inda ya yi suna kuwa nan kusa da mu ne, a Maraɗi, lokacin yunwar Nijar ta 2005, da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara sama da 60,000 magani a ƙasar a shekara guda, mafi yawansu suna kwana a gidajen iyayensu. Kafin nan sai an kwantar da yaro da uwarsa makonni a asibiti, abin da uwa mai 'ya'ya biyar da gona ba za ta iya ba. A Najeriya an fara wannan tsarin a 2009. Na ji daɗin sanin cewa gyaɗa ce ginshiƙinsa, mu da kakanninmu suka tara dalar gyaɗa a Kano.

Sai dai akwai abubuwan da ba su yi mini ba, kuma ba ƙanana ba ne. Rumfar jira ba ta ɗaukar ko rabin mutanen, sauran suna rana ko ruwan sama da yara marasa lafiya a hannu. Bandaki ɗaya ne, a wurin da rabin yaran zawo suke yi. A sati na biyar kaya suka yanke, aka ba kowa rabin kasonsa, kuma awon sati na gaba ya nuna, nauyin 'yata bai motsa ba. Wannan ba laifin waɗanda ke zaune a wurin ba ne, na ga yadda ransu ya ɓaci. Wanda yake laifin mutum shi ne harshen ɗaya daga cikin ma'aikatan, wata matashiya. Duk matar da ɗanta bai ƙara nauyi ba sai ta ɗaga murya: "Ke wace irin uwa ce? Sai haihuwa kuka iya!" Ni kuwa da nawa awon bai yi kyau ba, "Sannu da ƙoƙari, Baban yarinya," ta ce da ni. Laifi ɗaya, ni aka yi mini sannu, su aka yi musu tsawa a gaban jama'a.

Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai game da wurin gaba ɗaya. Komai nasa an gina shi ne kamar uwa ce kaɗai ke da hannu a cikin yunwar ɗanta. Kowace Talata kafin a fara awo ana yin bita. Babbar malamar, wata dattijuwa mai haƙuri, za ta ɗaga hotuna: ga ƙwai, ga kifi, ga hanta, ga wake, ga zogale, ga gwanda. Matan za su amsa da "to". Wata rana wata da ke bencin gabana ta ce da ta kusa da ita, ba da ƙarfi ba, "A faɗa wa masu ba da kuɗin cefanen mana." Ba ta san na ji ba. Har na dawo gida maganar na yi mini yawo a ka.

Domin gaskiya ta faɗa. Ni ne nake yanke abin da za a ajiye na cefane da safe. Ni ne ake fara zuba wa abinci, kuma idan tsoka uku ce a tukunya, biyu suna cikin kwanona, ɗaya a raba wa yara, ita kuma mai girkin ta ce ta ƙoshi da ƙamshi. Ban taɓa cewa a yi haka ba, kuma ban taɓa cewa a daina ba. Idan na tashi daga shago da dare nakan tsaya wurin mai shayi, a soya mini ƙwai biyu da burodi, wani lokacin in biya wurin mai tsire. Duk teburin nan maza ne, kowa da iyali a gida. 'Yata ta kai wata goma sha shida ba ta taɓa cin ƙwai ba, saboda an ce yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama, ko ya yi jinkirin magana. Ni da nake cin biyu kullum ban taɓa tambayar inda aka samo wannan maganar ba. Talauci gaskiya ne, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya ji a jikinsa, a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, kwanon wake ya zama abin da ake tsayawa a yi shawara kafin a saya. Amma a gidana ƙwai biyun nan suna nan kowane dare. Wurin da suke zuwa ne ba daidai ba.

A layin na ji abubuwan da ba a faɗa wa namiji a gida. Bayan sati biyu matan sun saba da ni, wasu har suna ce mini "Baban layi", suna hira kamar ba na nan. Akwai wadda ta ce da sunan zuwa barka take fitowa, domin mijinta ya ce ba za a ga ɗansa a layin tamowa a riƙa cewa ya kasa ciyar da gidansa ba. Akwai wadda ta makara sati biyu da kawo ɗanta saboda maigidan yana Legas ci-rani, wayarsa ba ta shiga, surukarta kuma ta ce ba ta da ikon ba ta izini. Akwai wata yarinya da ba na jin ta haura goma sha shida, ita kanta kamar iska za ta ɗauke ta, tana goye da ɗan fari, ga kunyar ɗan fari ta hana ta ko ba shi nono a gaban mutane. Ƙanena ya nuna mini a babban binciken lafiya na ƙasa na 2018 cewa matan aure kashi 44 cikin 100 ne kawai suke da ta cewa a kan lafiyar jikinsu. A binciken nan dai, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kashi 37 ne suka tsumbure a faɗin Najeriya, amma a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kashi 57 ne. A faɗin ƙasar kuma, mata kashi 58 suna da ƙarancin jini. Mu ne muke noma geron da waken da gyaɗar, mu ne da shanun.

Maganar sayar da ledojin kuwa, gaskiya ce, na gani a teburin wani mai kayan masarufi, na kuma ji samari na cewa da burodi ya fi daɗi. Haramun ne a ganina babba ya ci maganin yaron da ke bakin mutuwa, kuma mai sayen ya fi mai sayarwar laifi. Asibitin yana ƙoƙari, sai ka dawo da ledojin da aka shanye a ƙirga kafin a ba ka sababbi. Amma na zauna kusa da wata da ta amsa cewa takan sayar da biyu a sati ta sayi garin masara, saboda akwai wasu yara huɗu a gida da suke tsaye a kanta suna kallo idan tana ba ƙaramin. Mijinta ya rasu, ita ke wankau tana surfe. Na kasa ganin baƙinta. Ni ma a gidana sai da na riƙa shiga ɗaki da yarinyar in rufe ƙofa, domin yayanta mai shekara huɗu yakan tsaya ya zuba mata ido, kuma ba ƙaramin abu ba ne uba ya ce da ɗansa wannan ba naka ba ne.

Abin da ya fi amfanar gidana bayan ledar shi ne ranar da dattijuwar malamar ta sa aka kawo murhu aka yi girki a gabanmu. Garin kunu ne da suke kira Tom Brown: gwangwani shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A jiƙa waken suyan a cire ɓawon, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama, a haɗa a kai inji. Ta ce a dama shi da kauri, yadda idan aka karkata cokali ba zai zube kamar ruwa ba, domin cikin yaro ƙarami ne, koko mai tsululu cika shi yake yi ba tare da ya ba shi komai ba. A ɗiga manja ko man gyaɗa, a barbaɗa garin zogale ko dakakken busasshen kifi idan da hali. Da ta gama ta juyo gare ni ta ce, "Malam, kai ne mai zuwa kasuwa, kai za ka riƙe wannan lissafin." Ita kaɗai ce a wurin ta taɓa ɗora mini nauyi kai tsaye, kuma na gode mata. Ita ce kuma ta ce mai ciki tana iya ci gaba da shayarwa idan tana samun abinci isasshe, nonon ba ya zama guba, kuma ko yaye za a yi, a yi shi a hankali, ba dare ɗaya ba.

Na kai wa limamin masallacinmu maganar, ba don in yi ƙorafi ba, don in tambaya. Ya buɗe mini aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda kowa ya san farkonta, cewa uwaye su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. Ya ce in duba abin da ya biyo baya a ayar nan dai: ciyar da su uwayen da tufatar da su yana wuyan uban yaron. Ya ce sau da yawa mukan karanta wa mata rabin farko mu yi shiru a kan na biyu. Da ni ne mai tsara aikin asibitin nan, da na ware rana ɗaya a wata, ko bayan sallar Juma'a ne, a tara maza a nuna musu tef ɗin nan da hotunan nan, a kuma ce kada a sallami yaro sai ubansa ko wanda ke riƙe da gidan ya zo an yi magana da shi ko sau ɗaya. Na faɗa wa babbar malamar haka. Ta ce sun taɓa gwadawa, mutum huɗu suka zo. Na ce ta sake kira, zan zo da ukun da suka same ni a shago.

A Talata ta bakwai tef ya shiga kore, 12.6. Suka ce sai an sake gani a sati na gaba kafin a tabbatar. Ta takwas ya nuna 12.8, babu kumburi, babu zawo, aka rubuta sallama aka ba mu kason sati ɗaya na ƙarshe. Yarinyar da na saɓo kamar tsumma ita ce ta riƙe benci ta miƙe tana ƙoƙarin fizge biron mai rubuta kati. Matar nan mai wankau ban sake ganinta ba tun sati na shida, na tambaya, aka ce an aika mai bibiya gidanta an tarar ta tashi.

Ga wanda zai je: ka isa kafin bakwai, ka tafi da ruwan sha mai tsafta da kofi, da katin rigakafi, da abin shimfiɗa da lema, da ledojin satin da ya wuce. Idan matarka ce za ta je, ka ba ta kuɗin mota na zuwa da dawowa tun daren Litinin, da na abin da za ta sa a bakinta, domin sai bayan azahar ake gamawa, kuma yawancin matan da na gani a layin nan ba su karya ba suke fitowa.

Mai ɗakina ta sauka sati uku bayan sallamar, namiji. A awon ƙarshe an ce jininta ya yi ƙasa, don haka hanta da ƙwai yanzu kwanonta suke fara shiga. Da aka haihu Inna ta kawo ruwa a ɗan kofi, ta ce a matse dakashin a zubar kamar yadda aka saba, sai nono ya yi fari. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, a asibiti sun ce wannan na farkon shi ne rigakafinsa, kuma har wata shida ko ruwa ba ya buƙata." Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kalli 'yar tawa da ke tsakar gida tana bin kaza da gudu, ta ajiye kofin a bakin taga ta ce a miƙa wa uwar ɗanta.